Sauya mazaunan ƙafafun motar da aka rage wa tsayi

Sauya mazaunan ƙafafun mota aiki ne na kanikanci da ake yi wa motar da aka rage wa tsayi, inda ake ɗaga ko a saukar ko a matsar da wuraren da shokazoba, sifirin, hannuwa da sandar sitiyari suke ɗaure. Manufar aikin ita ce bodi ya zauna ƙasa kamar yadda mai mota yake so, amma taya ta ci gaba da samun sararin hawa da sauka, motar kuma ta riƙe hanya kamar yadda take yi tun daga kamfani, ko ma fiye.

Abin da ya sa ake buƙatar aikin shi ne, kamfani yana auna kowane sashe na ƙafafun mota ne bisa tsayi guda. Idan aka sa gajeren sifirin aka bar sauran sassa a inda suke, motar za ta sauka, amma shokazoba za ta zauna a matse, hannuwa su karkace, sandar sitiyari kuma ta bar layinta. Irin wannan mota takan riƙa buguwa a kan gargada, tana cin taya ta gefe ɗaya, wani lokaci ma sarrafa ta a kwana ya fi na da wuya. Sauya mazauni yana mayar da sassan ne cikin iyakar da aka ƙera su don su yi aiki a cikinta. Aikin ya fi yaɗuwa a tsakanin masu tseren mota da masu ƙawata motoci a Amurka, Japan, Jamus da Ostareliya.

Sassan da abin ya shafa

Ƙafar mota ta ƙunshi duk abin da ke tsakanin taya da bodi. Muhimman sassanta su ne:

- Sifirin, wanda ke ɗauke da nauyin mota. Akwai naɗaɗɗe, akwai mai falle-falle, akwai kuma sandar ƙarfe mai murɗuwa.
- Shokazoba, wadda ke kashe lilon sifirin. Tana da jiki mai ɗauke da mai, da sanda mai shiga da fita a cikinsa.
- Hula, wato mazaunin sama na shokazoba, wadda ake ɗaurawa a tulluwar da ke jikin bodi a saman taya.
- Robar tokare, wadda ke tare ƙafar kafin ƙarfe ya bugi ƙarfe. A motocin zamani ba tsayarwa kawai take yi ba, tana aiki kamar ƙaramin sifirin na biyu mai ƙara tauri yayin da ake matse shi.
- Hannuwa, na ƙasa da na sama, waɗanda ke haɗa taya da shasi ta hanyar bushin da boljoyin.
- Gwiwar taya, wato ƙarfen da taya da birki suke jikinsa, wanda hannuwa da sandar sitiyari ke kamawa.

Nisan da taya ke iya yi daga ƙarshen saukarta zuwa ƙarshen hawanta shi ake kira tazarar motsi. Ta kasu kashi biyu daga inda mota ke zaune: tazarar matsewa, wadda taya ke buƙata idan ta hau tudu ko nauyi ya danne ta, da tazarar miƙewa, wadda take buƙata idan ta faɗa rami ko nauyi ya bar kanta a kwana.

Tsarin ƙafafu ya bambanta daga mota zuwa mota, kuma shi ke nuna irin gyaran da zai yiwu. A tsarin MacPherson, wanda ya fi yawa a gaban ƙananan motoci, shokazoba da sifirin suna haɗe, kuma su ke riƙe da saman gwiwa, ba hannun sama. A tsarin hannu biyu, hannun sama da na ƙasa ne ke riƙe da gwiwa. A tsarin aksil guda, ƙarfe ɗaya ne ke haɗe tayoyin biyu, kamar yadda ake gani a bayan akori-kura da tsofaffin motoci.

Tarihi

Masu gyara tsofaffin motocin Ford don gudu a jihar Kalifoniya, a shekarun 1930 da 1940, suna cikin waɗanda suka fara saukar da mota ba tare da gajarta sifirin ba. Sukan lanƙwasa bakunan aksil ɗin gaba sama, sai taya ta hau, bodi ya sauka. A baya kuma sukan yanka shasi su ɗaga inda yake ratsawa ta saman aksil. Dabarun biyu suna nan har yau, sai dai kamanninsu sun sauya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, matasa 'yan asalin Meziko a Los Angeles suka yawaita saukar da motocinsu don ado da tafiya a hankali. Wasu sukan yanke sifirin, wasu su loda buhunan yashi a but. A ƙarshen shekarun 1950 jihar ta kafa doka, sashe na 24008 na dokokin ababen hawa, wadda ta hana tuƙa motar da aka saukar har wani sashe nata ya yi ƙasa da gindin wili. A 1959 Ron Aguirre ya sa wa wata Corvette famfon mai na jirgin sama da ke ɗaga ta ya saukar da ita, don kauce wa dokar.

A ɓangaren masana'anta, injiniya Earle S. MacPherson ya tsara ƙafar da ake kira da sunansa a ƙarshen shekarun 1940, kuma ta fito a motocin Ford Consul da Zephyr da aka nuna a Ingila a 1950. Yaɗuwar wannan tsari ya sa matsalar ta ƙara fitowa fili, domin a cikinsa kusan duk milimitar da aka rage daga tsayin mota an rage ta ne kai tsaye daga tazarar shokazoba.

Ɗaya daga cikin fitattun misalan sauya mazauni shi ne na Shelby GT350 ta 1965, wadda aka gina a kan Ford Mustang. An huda sababbin ramuka an saukar da mazaunin hannun sama na gaba da inci 1, wato milimita 25.4, bisa lissafin Klaus Arning, injiniyan kamfanin Ford. Gyaran ya sa tayar waje ta fi zama daidai a kan kwalta a kwana, kuma masu tsofaffin Mustang suna yin sa har yanzu.

Abin da rage tsayi ke jawowa

Ƙarancin tazarar matsewa

Wannan ita ce matsala ta farko. A ɗauki misalin shokazoba mai tazarar milimita 130, wadda a tsayin kamfani take da 80 na matsewa da 50 na miƙewa, robar tokare kuma tana fara taɓawa bayan an ci 45. Idan aka saukar da motar da milimita 40, tazarar matsewa ta koma 40, ta miƙewa ta zama 90, kuma milimita 5 kacal ya rage kafin a hau roba. Ke nan ko fasinja biyu suka shiga, motar a kan roba take tafiya, ba a kan sifirin ba.

Idan ƙafa ta kai ƙarshenta, taurinta yakan ƙaru farat ɗaya. Taya takan yi tsalle ta saki kwalta, kuma idan hakan ya faru a tsakiyar kwana, gaba ko bayan motar na iya zamewa ba shiri. Dukan yakan lalata bawul ɗin cikin shokazoba, ya sa ta zubar da mai, wani lokaci ya kumbura tulluwa ko ya tsaga ta.

Maganin da aka fi gudu zuwa gare shi shi ne sifirin mai tauri. Sifirin da zai ɗauki ƙarin kilo 160 cikin milimita 80 yana buƙatar taurin kilo 2 a kowace milimita. Idan milimita 40 ne kawai, sai kilo 4. Wannan yana hana buguwa, amma yana rage daɗin zama, kuma a hanya mai gargada taya ba ta bin ƙasa sosai.

Faɗuwar cibiyar karkata

Idan mota ta shiga kwana, bodi yakan karkata waje. Wurin da yake juyawa a kansa shi ne cibiyar karkata, kuma kusurwar hannuwa ce ke nuna inda take. Ƙarfin da ke karkatar da bodi ya dogara ne ga nisan da ke tsakanin wannan cibiya da cibiyar nauyin mota. A tsarin MacPherson, hannun ƙasa yakan zauna a miƙe ko ya ɗan gangara zuwa wajen taya. Bayan an saukar da mota sosai, sai ya koma yana hawa zuwa wajen taya, cibiyar karkata kuma ta faɗi fiye da yadda cibiyar nauyi ta faɗi, har takan iya shigewa ƙarƙashin kwalta a lissafi. Nisan da ke tsakaninsu ya ƙaru ke nan, don haka motar na iya karkata fiye da da, duk da cewa ta fi kusa da ƙasa.

Kamba

Kamba ita ce karkatar taya idan an kalle ta daga gaba. Ana so saman tayar waje ya ɗan shiga ciki yayin da ƙafa ke matsewa, don ya rama karkatar bodi. A tsarin MacPherson wannan shigar tana raguwa yayin da hannun ƙasa ke ƙara hawa, kuma idan kusurwar da ke tsakaninsa da layin shokazoba ta wuce digiri 90, sai abin ya juye, taya ta fara kwantawa waje. A wasu tsare-tsaren kuma akasin haka ne. Bayan BMW E30, mai hannuwan da ke ja a karkace, yakan sami kamba mai yawa idan an saukar da shi, har cikin taya ya cinye alhali wajenta na nan sabo.

Fizgar taya

Bakin hannun ƙasa da bakin sandar sitiyari kowanne yana zana baka yayin da taya ke hawa da sauka. Idan bakan biyu ba su dace ba, taya takan juya da kanta ba tare da direba ya murɗa sitiyari ba. Kamfanoni sukan rage wannan fizga a kusa da tsayin da suka tsara, amma motar da aka saukar tana aiki ne a ɓangaren bakan da ba a kula da shi sosai ba.

Hanyoyin sauya mazauni

Doguwar hula

Doguwar hula tana ɗaga inda saman sandar shokazoba da robar tokare suke, amma ta bar mazaunin sifirin a inda yake. Tsayin mota ba ya sauyawa, sandar ce ke ƙara fitowa daga jikin shokazoba. A misalin da ya gabata, hular da ta ƙara milimita 25 za ta mayar da rabon zuwa 65 na matsewa da 65 na miƙewa. Jimillar tana nan 130, rabon ne ya sauya. Wannan gyara ya shahara a Honda Civic na 1988 zuwa 2000 da kuma Mazda MX-5 ta farko, wadda aka sani da ƙarancin tazara a baya. Masu ita da yawa sukan sa mata hulunan samfurin da ya biyo bayanta.

A tsarin MacPherson, farantin kamba ne ke yin makamancin wannan aiki. Wanda ake ɗorawa a saman tulluwa yana iya ɗaga sanda, amma mai kauri da ake sawa a ƙarƙashinta yana iya cinye tazarar da ake nema. Iyakar wannan hanya ita ce sararin da ke ƙarƙashin bonet. A motocin tsere akan yanke tulluwar gaba ɗaya a yi mata walda a sama.

Gajarta jikin shokazoba

Maimakon ɗaga sama, ana iya rage tsawon jikin shokazoba. A tsofaffin motoci irin su Datsun 240Z da Toyota Corolla AE86, inda shokazoba take cikin bututun ƙarfe, akan yanke wani yanki na bututun a sake haɗa shi da walda, sannan a sa gajeriyar shokazoba. Jimillar tazara takan ragu, amma ta matsewa takan dawo.

Koyiloba, wato shokazoba mai zare a jiki da ake murɗawa don saita tsayi, iri biyu ce. A iri na farko mazaunin sifirin ake saukarwa, don haka kowane ragi yana cin tazarar matsewa. A iri na biyu jikin ne ke shigewa cikin mazaunin ƙasa, tazarar shokazoba kuma ba ta taɓuwa. Haɗarin iri na biyu shi ne, idan aka gajarta shi da yawa, taya ko hannun sama zai bugi bodi kafin robar tokare ta fara aiki.

Saukar da mazaunin ƙasa

Inda shokazoba take zaune a kan hannu ko aksil, ana iya saukar da mazauninta na ƙasa da sabon maƙali. Sakamakon ɗaya ne da na doguwar hula, sai dai maƙalin yana matsowa kusa da ƙasa, inda dutse ko tudun rage gudu zai iya samunsa.

Gwiwa mai ɗagaggen tsinke

A wannan hanya ana sa sabuwar gwiwa wadda tsinken da taya ke juyawa a kansa ya fi na asali hawa, galibi da inci 2 zuwa 2.5. Taya ta hau cikin madigadi, mota ta sauka, amma hannuwa, sifirin, shokazoba da sandar sitiyari duk suna nan yadda suke. Shi ya sa ake ganin ta fi sauran hanyoyi tsabta. Ta yaɗu a akori-kurar Amurka da Volkswagen Beetle. Illarta ita ce hannun ƙasa da boljoyin suna matsowa kusa da ƙasa da kuma cikin wili, har ƙaramin wili ba ya shiga, wasu kuma sukan ɗan turo taya waje.

Gyara kusurwar hannuwa

Don dawo da cibiyar karkata, ana saukar da bakin hannun ƙasa na waje ko a ɗaga na ciki. Ana yin na farko da boljoyin mai dogon wuya, ko da ƙarfen tsakani da ake sawa a gindin ƙafar. Abin da ke da muhimmanci shi ne inda ƙwallon boljoyin yake juyawa, ba siffar hannun ba. Lanƙwasa hannu ba tare da matsar da wannan wuri ba ba ya sauya komai a lissafi. Duk lokacin da aka saukar da boljoyin, dole a saukar da bakin sandar sitiyari daidai da shi, in ba haka ba an gyara karkata an ƙara fizga. A AE86 da 240Z ƙarfen tsakani yana saukar da su biyun tare, domin suna kama ƙarfe ɗaya ne.

Ɗaga bakin ciki kuwa akan yi shi ta huda sababbin ramuka, ko ta ɗaga ƙaramin shasin da hannuwa ke jikinsa da gajerun bushin. Ana yin haka a bayan BMW E30 da Nissan Silvia. Gyaran Shelby yana cikin wannan rukuni, kuma yana nuna iyakarsa: idan aka wuce inci 1 da yawa ba tare da gyara kusurwar boljoyin ba, boljoyin yakan ƙure ya cije.

Aksil guda

A motoci masu sifirin falle-falle, akan sa bulon ƙarfe tsakanin aksil da sifirin idan aksil ɗin a sama yake. Idan a ƙasa yake, akan juya shi ya koma sama, abin da ke saukar da akori-kura da kimanin inci 5 zuwa 6. Bayan haka aksil yakan matso kusa da shasi, don haka akan yanke rabin da'ira a jikin shasin a ƙarfafa wurin da farantin ƙarfe. Shokazoba ma takan kwanta, sai a matsar da mazauninta don ta miƙe. Ana kuma duba kusurwar farfela, domin idan ta kauce motar takan yi rawa a guje.

Inda sifirin naɗaɗɗe ne, sandar Panhard, mai ɗauke da sunan kamfanin Faransa da ya fito da ita, ita ke hana aksil zamewa gefe. Tana aiki mafi kyau idan tana miƙe. Sanda mai tsawon mita 1 da ke miƙe tana jan aksil gefe da milimita 1.25 kawai idan ya motsa milimita 50. Idan kuwa tun a zaune bakinta ɗaya ya fi ɗaya tsayi da milimita 100, wannan motsin zai ja shi fiye da milimita 6. Sanda mai saiti tana mayar da aksil tsakiya amma ba ta miƙar da kanta. Sai an matsar da mazauninta, wanda kuma yake sauya tsayin cibiyar karkata ta baya. Wasu sukan maye gurbinta da haɗin Watt, dabarar da James Watt ya yi wa rajista a 1784 don injin tururi.

Rabon motsi

Ba kullum motsin taya yake daidai da motsin shokazoba ba. Idan shokazoba tana zaune a kashi 70 cikin 100 na tsawon hannu daga shasi, milimita 10 a taya ya zama 7 a shokazoba, wato rabon motsi 0.7. Taurin da taya ke ji shi ne taurin sifirin sau wannan rabo sau biyu: 0.7 sau 0.7 ya ba da 0.49, kusan rabi. Kwanciya ma tana da tasiri iri ɗaya. Shokazobar da ta kwanta da digiri 30 daga tsaye tana ba da kimanin kashi 75 cikin 100 na ƙarfinta. Saboda haka matsar da mazauni ciki ko waje, ko da kaɗan ne, yana sauya taurin ƙafar, ba tazara kawai ba. Haka nan hular da ta ƙara milimita 14 a irin wannan hannu tana ba taya milimita 20.

Awo da gwaji

Kanikawan da suka ƙware ba sa yanka ko walda sai sun auna. Yadda aka saba yi shi ne:

- A auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi a tayoyi huɗu, mota na zaune a wuri mai daidaito.
- A ɗora mota a kan matokarai, a cire sifirin, a kwance sandar hana karkata, a mayar da shokazoba da taya.
- A ɗaga ƙafar da jak daga ƙarshen miƙewa zuwa ƙarshen matsewa, ana murɗa sitiyari dama da hagu, a ga abin da ke fara taɓawa.
- A rubuta kamba da juyawar taya a kowane mataki.

Abin da ake nema shi ne robar tokare ta zama ita ce ke tsayar da ƙafar, ba taya a jikin bodi ba, ba hannu a jikin shasi ba, ba kuma sifirin da ya haɗe da kansa ba. A ƙarshen miƙewa kuwa, ana duba kada sifirin ya saki mazauninsa, kada tiyon birki ya ja, kada haɗin shaf ya cije. Shawarar da masu ƙera shokazoba suka fi bayarwa ga motar titi ita ce a bar wa matsewa rabin tazara ko ɗan fiye, kamar kashi 60 cikin 100. Bayan an haɗa komai, akan ɗaura igiyar roba a jikin sandar shokazoba a yi tuƙi, inda igiyar ta tsaya ya nuna iyakar matsewar da aka yi.

Ana ɗaure notunan bushin ɗin roba ne mota na zaune a sabon tsayinta, domin idan aka ɗaure su ƙafa na rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Daga nan sai saitin tayoyi da saitin fitilun gaba. Motocin da ke da bawul mai auna kaya a birkin baya, ko na'urar auna tsayi, ko kyamarar taimaka wa direba, su ma suna buƙatar sabon saiti.

Ƙarfi da aminci

Mazaunin ƙafa yana ɗaukar nauyin da ya ninka na mota a tsaye sau da yawa idan aka faɗa rami a guje, kuma yana ɗaukar sa dubban lokuta. Yawancin karyewa daga gajiyar ƙarfe ce, wadda ke farawa da ƙaramar tsaga a bakin walda ko rami. Don haka akan sa maƙali mai kunne biyu ya riƙe noti ta ɓangarori biyu maimakon ɗaya, a yi amfani da noti mai daraja 8.8 ko 10.9, a kuma baza nauyi da faranti idan bodin siriri ne. Ba a ɗauki yi wa gwiwar zubi ko sandar sitiyari walda ko ɗumama su da wuta a matsayin aiki mai aminci ba. Hula ko hannu mai haɗin ƙarfe zalla yana ƙara daidaito, amma yana shigo da ƙara cikin mota, kuma yana saurin ci a wuri mai ƙura ko ruwa.

Akwai kuma ƙa'idar da masu gina motoci ke bi: kada wani sashe na ƙafa, sitiyari ko shasi ya zama zai taɓa ƙasa idan taya ta sace. Saukakken maƙali da ɗagaggiyar gwiwa su ne suka fi karya wannan ƙa'ida.

Doka

Dokoki sun bambanta. A Japan, motar da za ta ci gwajin lafiyar mota dole ƙasanta ya kai santimita 9 daga kwalta. A Ostareliya mafi ƙarancin tsayi milimita 100 ne, kuma gyaran da ya taɓa shasi ko mazaunan ƙafa yakan buƙaci shaidar injiniya. A Jamus, kayan saukar da mota suna zuwa da takardar amincewa, ko a kai motar wurin masu gwaji irin su TÜV da DEKRA a shigar da gyaran cikin takardunta. Rashin yin haka na iya soke izinin hawa da ita titi. A Kalifoniya, an sa hannu a kan dokar da ta soke hanin sashe na 24008 a 2023, ta kuma fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2024. A gasar tsere ta motocin kasuwa, rukunoni da yawa sun hana matsar da mazaunan hannuwa ko sun ƙayyade nisan da za a iya matsar da su.

Iyakar aikin

Ƙaramin ragi na milimita 20 zuwa 30 da sifirin da shokazobar da aka ƙera su tare ba kasafai yake buƙatar sauya mazauni ba. Buƙatar tana ƙaruwa ne yayin da ragin ke ƙaruwa, kuma kowane gyara yakan jawo wani: dawo da tazarar shokazoba yana kai taya kusa da madigadi, saukar da boljoyin yana taɓa sitiyari, ɗaga ƙaramin shasi yana sauya kusurwar shaf da hanyar salansa. Babu kuma gyaran mazauni da ke dawo da sararin da ke tsakanin kwalta da kaskon man inji, wanda a hanya mai ramuka da tudun rage gudu shi ne yakan fara ƙarewa. Wannan ne ya sa masu son mota ta kwanta ƙasa sosai sukan koma ga jakar iska ko famfon mai, waɗanda ke saukar da ita a tsaye, su ɗaga ta idan za a yi tafiya.